Tsohon akwatin kayan aiki na kasuwar haraj ko sabo na shago, ga mai ɗan gareji a Jidda

Daren Alhamis ƙanin matata ya turo min hoto a WhatsApp, wani jan akwatin ƙarfe ne mai durowa bakwai da taya huɗu a jingine cikin tarkace a Haraj Sawarik, kasuwar tsofaffin kaya ta Jidda da muke ce wa haraj, fentin duk ya koɗe gindin kuma tsatsa ta ci, ya rubuto a ƙasa wai "Yaya in ɗauka in gyara ko in haƙura in je shago in sayi sabo?" Yaron ya samu gida mai ɗan gareji wajen unguwar Kilo 14, yana taɓa gyaran motarsa da kansa, canjin mai da birki da su fulogi, kuma sifanoninsa har yau a cikin bokitin fenti suke, in yana neman lamba 10 sai ya zazzage bokitin kaf a ƙasa. Na fara ba shi amsa da murya sai naga maganar ta yi tsawo, to bari in rubuta gaba ɗaya, don nasan ba shi kaɗai ne ke tsaye a wannan mararraba ba.

Ni na bi hanyoyin biyu duka. Na taɓa sayen sabo mai arha, kuma wanda nake amfani da shi yanzu tsoho ne da na ɗauko a haraj riyal 180 na gyara da hannuna. Kuma a gaskiya zaɓin ma uku ne: ko ka sayi tsoho ka gyara da kanka a gida, ko ka sayi tsohon ka kai warsha, wato shagon masu gyara, a sina'iyya, unguwar masu sana'ar ƙarfe da motoci, su wanke shi da yashi su gasa masa fenti, ko ka shiga shago ka biya ka fito da sabo a kwali. Kowanne akwai mutumin da ya dace da shi, amma kafin a kai nan sai an fara sanin ko shi tsohon ma ya cancanci a sa masa hannu, don rabin waɗanda ke haraj ɗin nan ƴan sikirab, masu sayen tsohon ƙarfe, ne ya kamata su saya a kilo.

Abinda mutane ke gani su tsorata shi ne tsatsa, alhali tsatsar sama ita ce mafi sauƙin ciwo a jikin akwati. Abinda ke kashe akwati lanƙwasa ce. In gangar jikin ta karkace, ko an taɓa kayar da shi daga bayan dabbab, ƙaramar motar ɗaukar kaya, ko an ɗora masa inji a ka ya lotsa, to durowa ba za ta ƙara gudu daidai ba har abada, duk girisin da ka shafa a banza. Don haka in ka je kada ka tsaya kallon fenti. Ja kowace durowa har ƙarshe ka mayar, ɗaya bayan ɗaya, kar ka ji kunyar mai kaya. Wadda ta yi tauri saboda datti da busasshen mai za ka ji tana tafiya da nauyi amma a miƙe, wannan wanka kawai take so. Wadda ke cijewa a wuri ɗaya kullum, ko sai ka ɗaga ta sama kaɗan kafin ta shiga, ko in an rufe gefe ɗaya ya shige ɗaya ya rage a waje, wannan ko layin da take gudu a kai ya lanƙwashe ko jikin ya karkace. Layi ɗaya ana iya miƙewa da filaya da haƙuri. Jiki kuwa rabu da shi. Ja baya kamar taku uku ka dubi tazarar da ke tsakanin durowoyin, in layukan a miƙe suke daga hagu zuwa dama to ƙashin lafiya lau.

Sannan ka sa a kwantar maka da shi ka leƙa gindi, nan ne asirin yake. Mu a Jidda muna da dalilin yin haka na musamman, duk wanda ya ga ruwan Nuwamban 2009 da abinda ya yi a unguwar Guwaiza, ko wanda aka yi a Nuwamban 2022, yasan gareji da warsha nawa suka kwana cikin ruwa, kuma kayan da suka jiƙa a irin wannan rana ƙarshensu haraj. Akwatin da ya tsaya cikin ruwa daga ciki yake ruɓewa, wajen da aka naɗe ƙarfen da inda aka ɗaure tayoyi, waje kuma ka ganshi garau. Tafi da sukudireba ka caka wurin tsatsar da ƙarfi. In ya yi ƙara ƙwal ƙwal sai jan gari ke zuba, ƙarfe na nan. In ya ɓarɓashe kamar ɓawon burodi ko bakin sukudireban ya nutse, musamman kusa da notin taya, to ka yi sallama ka wuce, don a nan duk nauyin yake sauka, kuma walda a kan siririn ƙarfen da ya riga ya ruɓe huji kawai take ƙarawa. Wani dattijon mai walda ɗan Sudan da muke sallah masallaci ɗaya ya taɓa ce min shi ba ya karɓar irin wannan aikin ko nawa za a ba shi, wai kamar ɗinkin tsumma ne, kana kama nan can na yagewa. Ka sa ɗan maganaɗisu a aljihu ma, in ka ga wuri ya yi sumul fiye da sauran jiki ka manna, in bai kama sosai ba an cike da ma'ajun, ƙullin da ake toshe rami da shi, an fesa fenti a kai.

To a ce ya tsallake wannan jarrabawar, me ya fi sabo da shi? Galibi kaurin ƙarfe. Su masu ƙerawa suna auna shi da geji, kuma lissafin a juye yake, ƙaramar lamba ita ce mai kauri: geji 16 wajen milimita 1.5 ne, 18 wajen 1.2, 20 wajen 0.9, 22 kuma wajen 0.75. A takarda bambancin kamar ba komai, amma danna babban yatsa a tsakiyar gindin durowa ka ji, mai 1.2 ko gezau, mai 0.75 sai ya yi ɓau ya dawo kamar murfin gwangwanin madara. Sabon da na fara saya irin wannan ne, mara suna, kyakkyawa a ido, na loda masa sifanoni da soket a durowar tsakiya, cikin wata shida gindin ya yi ciki yana gogar ta ƙasa, ƙarshe sai da na yanka falanki na shimfiɗa a ciki. Tsofaffin da aka yi don warsha, irin su Snap-on na Amurka da aka kafa tun 1920, ko Hazet da Gedore na garin Remscheid a Jamus, ko Facom na Faransa da Beta na Italiya mai ruwan lemo, an yi su ne don bakanike ya ja ya tura sau ɗari a yini shekara da shekaru. In Allah ya haɗa ka da irinsu a miƙe, ko fentin ya tafi gaba ɗaya ɗauka, sabonsu kuɗinsa ba na irin garejinmu ba ne.

Amma fa kar a ruɗe ka da cewa duk tsoho mai ƙarfi ne. Craftsman misali, wanda kamfanin Sears ya fara sayarwa a 1927 kafin Stanley Black & Decker su saye sunan a 2017, suna da masu kauri suna da na gida marasa nauyi, tambari ɗaya jan fenti ɗaya. Sannan akwai sabon-tsoho, akwatin arha da aka saya shekara uku da suka wuce ya lalace aka kawo haraj, shi kam ya haɗa aibin tsoho da aibin sabo. Tambari ma ana mannawa. Yatsanka da nauyin akwatin in ka ɗaga gefe ɗaya sun fi tambarin gaskiya.

Inda sabo ya yi wa tsoho fintinkau shi ne wajen gudun durowa. Yawancin tsofaffi ƙarfe ne ke gogar ƙarfe, ba boris, wato ƴan ƙwallayen ƙarfen da ke sa durowa gudu, in durowar ta cika sai ka sa ƙarfi, wasu ma ba sa fitowa har ƙarshe sai ka zura hannu kana laluben abinda ke can ciki. Sababbi na yanzu, ko matsakaitan kuɗi irin waɗanda za ka gani a SACO ko shagunan da ke sayar da kayan Total da Ingco, galibi layin boris ne da su, da yatsa ɗaya za ka ja, kuma layin da aka saba sawa ana rubuta masa ɗaukar wajen kilo 45. Ga makulli biyu a leda, ga fatura wato rasit, ga damani wato garanti in wani abu ya samu, sai dai ka tabbata farashin da aka faɗa maka da harajin kashi 15 a ciki, wanda aka koma tun Yulin 2020. A haraj kuwa da zarar ka biya an ɗora a dabbab shikenan, in ka dawo gobe mai kayan ma ba lallai ka same shi a wurin ba. Sai dai shi boris yana da nasa hali a garin ƙura, in ƙurar ta taso ta shiga tsakanin ƴan ƙwallayen sai ka ji ƙaras ƙaras, in robar da ke riƙe su ta karye kuma ƙwallayen sun watse sai dai sabon layi. Na gogayya ba abinda zai karye a cikinsa, wanki da ɗan mai ya koma aiki. Ni na saba da nawa, amma wlh duk ranar da na ja durowar wani mai boris sai na ɗan ji kishi.

Yanzu aikin kansa, don nan ne mutane ke raina lissafi. Ni nawa ya ci min Juma'a huɗu, kuma in kai ma Juma'ar ce kawai hutunka to ka sa wannan a sikeli, wata guda kenan ba hutu ba zuwa ziyara, ga uwargida na tambaya yaushe za a kwashe durowoyin da aka baje a tsakar gida.

Farko fitar da durowoyi, ka rubuta wa kowace lamba a ƙasa da layinta hagu da dama, don ko girmansu ɗaya kowace ta saba da gurbinta. Masu boris akwai ɗan baƙin harshen roba a kowane gefe, ɗaya a danna sama ɗaya ƙasa sai ta fito. Na gogayya akwai ɗan ƙarfen da ke tare ta, sai ka zura siririn abu kamar tsohon bakin zarto na ƙarfe ta gefe ya danne shi, kada ka fizga da ƙarfi, a nan ake lanƙwasa layi. Sai wanki, kananzir ko dizal da tsohon burushi su narkar da baƙin man, a biyo da ruwan zafi da omo, a shanya a rana nan take. Kuma ka tsaya ka kalle shi bayan wankan kafin ka yanke hukunci, don sau da yawa abinda ka ɗauka tsatsa ce datti ne kawai, fentin asali na nan a ƙasa, kuma fentin kamfani da aka gasa ya fi duk wanda za ka fesa a gida ƙarfi. In kashi mafi yawa na nan, ni shawarata kar ka kankare shi, ka gyara wuraren da suka ciwu, sauran ka goge da man goge mota ka bar shi da tabonsa.

Cire tsatsa kuma hanyoyi ne da yawa, kowa na yabon tasa. Mafi sauri ita ce burushin ƙarfe a bakin diril ko a bakin injin gurza, wanda Larabawan nan ke ce wa saruk, wato roka, jam'insa kuma sawarik, sunan kasuwar da ka sayo akwatin kenan, ka ga an yi gida. Saruk na cin tsatsa cikin minti kaɗan a fili, amma ba ya shiga lungu, in ka daɗe a wuri ɗaya ƙarfen ya yi zafi ya lotsa, kuma wayoyin burushin na tsinkewa suna tashi kamar allura, na taɓa cire ɗaya a kumatuna ƙasan ido kaɗan, tun ranar ban ƙara kunna shi ba tabarau ba. Ga ƙara, in gidan haya kake mai maƙwabta sama da ƙasa kar ka kunna shi lokacin ƙailula, haris, mai gadin gidan, zai zo maka. Sannan tsohon fenti, musamman ja da rawaya na da, ana iya samun dalma a ciki, Amurka sai a 1978 ta hana ta a fentin gida, na masana'antu kuwa ya ci gaba bayan nan, saboda haka a sa abin rufe hanci na kirki, a yi a waje, yara su yi nisa, in da hali a jiƙa samfefa a goga da ruwa don kar ƙurar ta tashi.

Hanya ta biyu jiƙawa. Ruwan khal fari, wato binega, na bakala, shagon unguwa, mai ƙarfin kashi 5, yana cin tsatsa in abu ya kwana a ciki, amma durowa guda galan nawa za ta sha? Shi yasa na fi son gishirin lemo, milhul laimun da ake samu wajen masu kayan ƙamshi, kamar giram 50 a litar ruwa mai ɗumi, ya fi arha nesa ba kusa ba kuma ba wari. Na samu tsohuwar robar wanka babba na riƙa jiƙa durowa bibbiyu, da safe in goge da soson ƙarfe baƙin ya fita. Sharaɗinsa ɗaya ne kuma shi ke kayar da mutane: kana fitarwa ka ɗauraye da ruwan bekin soda ya kashe tsamin, ka busar nan take, ka shafa fentin ƙasa a ranar. Na bar ɗaya ta kwana tsirara a gareji, da safe na tarar ta yi ja kamar an barbaɗa mata garin barkono, rutubar Jidda, wato laimar iska, da iskar gishirin Bahar Maliya ba sa ɗaga wa kowa ƙafa. Wanda ke Riyad ko Madina zai iya barin ƙarfe kwanaki bai ga komai ba, mu a nan ba mu da wannan gatan. Kuma kar ka jiƙa layukan durowa a tsami, yawanci an lulluɓe su da zink, tsamin zai cinye shi su fi da tsatsa, su kananzir ya ishe su.

Akwai masu cewa a zuba ruwan wankin banɗaki mai ƙarfin nan, wai nan take yake cin tsatsa. Yana ci kam, amma asid ne mai ƙarfi a ciki, yana maƙalewa a naɗin ƙarfe ya ci gaba da ci daga ciki bayan ka yi fenti, tururinsa kaɗai na sa duk sifanar da ke garejin ta yi tsatsa, in kuma aka yi kuskure ya haɗu da ruwan bilic iska mai guba ce ke tashi. Bar shi a banɗaki.

Ga jikin akwatin da ba zai shiga roba ba, abinda ya fi min shi ne maganin da ake shafawa ya juya tsatsa, a shagon fenti ka ce muhawwil sada. Ka kankare mai ɓarɓashi da burushi, ka shafa, wurin ya koma baƙi, bayan kwana ɗaya a yi fenti a kai. Yana shiga lungun da saruk ba ya kaiwa. Ba ya maido ƙarfen da ya tafi dai, ramukan na nan. Akwai kuma ta lantarki, a sa durowa cikin duron roba da ruwan sodar wanki, a kama ta da baƙar wayar cajar batir, jar wayar a jikin wani ƙarfen banza, tsatsa ta bar nan ta koma can. Tana aiki sosai kuma ba ta cin lafiyayyen ƙarfe, amma iskar da ke fita mai kama wuta ce sai a fili, ba a sa ƙarfen sitenles a matsayin na banzan don ruwan na zama guba, sannan cajojin zamani masu wayo da yawa ba sa tashi in ba su ji batir ba. Ga mai akwati ɗaya tak ni ina ganin wahalar ta fi ribar.

Sai fenti, inda za ka zaɓa tsakanin gida da warsha. A gida abu biyu ne, gwangwanin feshi ko burushi da ƙaramar rola. Feshi ya fi kyau a ido in ka iya, hannu na tafiya ba tsayawa, shafi siriri sau uku ya fi mai kauri sau ɗaya, amma gwangwani ba ya auki, akwati mai durowa bakwai ciki da waje zai sha fiye da yadda ka zata, ni sau biyu ina komawa shago. Fentin mai na gwangwanin lita, irin na ƙofar ƙarfe da Jotun ko Jazeera ke yi, da ƙaramar rolar soso ya fi arha ya fi kauri, sai dai ba zai yi sheƙin mota ba. Ko wanne ka ɗauka sai an fara da fentin ƙasa, asas, jan nan ko ruwan toka, a goge jikin da tina, ruwan tsinka fenti, kafin nan don ko zanen yatsa mai maiƙo na hana shi kamawa. Ka karanta bayan gwangwanin, da yawa za su ce a ƙara shafi cikin awa ɗaya ko a jira awa 48, in ka faɗa tsakani sai ya yamutse kamar fatar tsohuwa, haka murfin nawa ya yi sai da na kankare na sake. Lokaci ma na da muhimmanci, a Agusta ko Satumba da rutuba ke kai wa maƙura fenti na yin hazo ya ƙi bushewa, da rana tsaka kuma ƙarfen ya yi zafin da feshin ke bushewa kafin ya kwanta. Ita hukuma ma ta hana aiki a rana daga 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, to kai me zai kai ka. Disamba zuwa Fabrairu da hantsi, a inuwa, shi ne lokacin. Kuma ko ya bushe a taɓawa ka ba shi sati guda ko fiye kafin ka zuba ƙarfe a ciki.

Warsha kuwa za su fesa masa yashi ya fito fari tas har lunguna, su fesa garin fenti su gasa a tanda mai zafin wajen digiri 180 zuwa 200, ya fito kamar daga kamfani, kuma a garin gishiri irin namu wannan fentin ya fi na gida daɗewa ba gardama. Matsalar kuɗi ne, wanda na tambaya a lokacin abinda ya faɗa min ya ninka kuɗin akwatin sau uku, ban da dabbab zuwa da dawowa. Sannan sai ka cire makulli da tayoyi da duk wata roba da kanka don tanda za ta narkar da su, ma'ajun ɗin mota na yau da kullum ba ya jure wannan zafin, in mai yashin ba gwani ba ne ya matsa wa siririn ƙarfe sai ya dawo maka da shi a kumbure, in kuma ba a rufe gurbin layuka ba kaurin fentin kaɗai zai hana durowa shiga. A ganina wannan hanyar ta akwatin da ya amsa sunansa ce, mai kauri ɗan asali, ko wanda ka gada wajen mahaifi kana son ɗanka ya gada. Kai wa akwatin geji 22 gashi kamar ɗinka wa jaki alkyabba ne, kuɗin ya sayi sabo mai kyau.

Sauran ƙananan abubuwa ba su da wuya. Taya in ta mutu a sayo sabuwa, a tafi da tsohuwar don ramukan noti su dace, biyu masu juyawa da birki biyu tsayayyu, kuma babbar taya ta fi ƙarama a kan simintin da ba sumul ba. Makulli mai yankan makulli zai canza kan gaba ɗaya. Layuka a shafa farin girisi kaɗan ko a goga kyandir, mai yawa ƙura yake tarawa, shi kuma WD-40 na kwance abinda ya cije ne da korar ruwa, bayan kwana kaɗan ya bushe, ba ya maye gurbin girisi. Shimfiɗar ciki robar da ake sawa a durowar kicin ta wadatar, kar ka sa kwali ko kafet, suna shan laima su riƙe ta a jikin ƙarfe. Ni duk waɗannan da fenti da samfefa da dabbab sun tasar min kusan riyal 200, wato gyaran ya fi sayen tsada, wannan ma a sani.

Abu na ƙarshe da nake ganin mu Hausawan da ke zaune a nan ya fi shafa fiye da ƴan ƙasa shi ne zama. Wanda aka haifa a nan, iyayensa da kakanninsa na Makka ko Jidda, ko yake da gida tsayayye, tsoho mai nauyi ya dace da shi, zai ajiye a kusurwa ya manta. Amma wanda igamarsa, wato takardar izinin zamansa, ke hannun kafili, uban gidan da ya tsaya masa, bana yana nan baɗi Allah masani, ko mai canza gidan haya duk shekara, ya tuna kargo zuwa Kano ko Yamai a kilo ake biya, kuma kaurin ƙarfen nan da muke yabo shi ne zai hana akwatin bin ka gida, ƙarshe ka mayar da shi haraj ɗin da ka ɗauko shi, kuma mai saye ba zai biya ka Juma'o'inka huɗu ba. Irin wannan mutum gara ya sayi matsakaicin sabo, ko ma ƙaramin na hannu mai buɗewa hawa uku, ya zuba kuɗinsa a sifanoni masu kyau, su ne za su shiga jaka su tafi da shi.

Shi ƙanin matata a nan aka haife shi, ba inda za shi, kayan aikinsa kuma sun fi ƙarfin ƙaramin akwati. Na ce masa kar ya biya kar kuma ya ce ba ya so, ya ce wa mai kayan zai dawo da yayansa. Da na ƙara buɗe hoton naga durowa ta biyu daga ƙasa kamar ta ɗan saki ta dama, ko ba a rufe ta daidai ba ne ko layin ne, hoto ba zai nuna ba. Juma'a bayan la'asar za mu je tare, na riga na sa sukudireba da maganaɗisu a mota.